An Ce Ƙura Ce

"Sa'a, yau kuma gishirin Bilma gaba ɗaya kika juye a tukunyar nan?"

Ismaghil ne ya faɗa yana dariya, cokali a hannu, motonsa na kabu-kabu a jingine jikin rumfar. Sauran masu cin abinci suka taya shi. Wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya ce shi dai a ƙaro masa ruwa, in ba haka ba ƙishirwa za ta gama da shi kafin ya kai Agadez.

Sa'a ta ja mayafi ta rufe baki kafin ta ce, "Ku yi haƙuri, hannuna ne ya zarce."

Ba hannunta ba ne, wallahi. Duk tashar Arlit an san miyar Sa'a. Ma'aikatan da bas ɗin kamfanin uraniyum ke saukewa da yamma, rumfarta suke fara tsayawa kafin su ga matansu. Harshenta ne ya daina gaya mata gaskiya. Kusan wata biyu ke nan da ya yi fari fat kamar an shafa masa kindirmo. Ta kankare da asuwaki, ya dawo. Ta kuskure da kanwa, ya dawo. In ta ɗanɗana miya sai ta ji salam, ta ƙara gishiri, ta sake jin salam.

Da mutane suka ragu, Ismaghil ya matso kusa da tukwane.

"Wai me ya sa kwanan nan kike rufe baki? Mu a wurinmu maza ke rufe baki da rawani, su ma gaban surukai. Ko kin fara koyon Buzanci ne tun ba a kai ki ba?"

"Mura ce."

"To ki sallami murar nan kafin Juma'a." Ya rage murya, idanunsa na ƙyalli. "Kawu Ghissa ya amince, Sa'a. Jiya ya kira ni daga garinmu Dannet. Ranar Juma'a bayan masallaci zai zo gidanku da ƙafarsa."

Ludayin ya kusa suɓuce mata.

Shekara biyu suna wannan fama. Danginsa sun ce ina shi ina bazawara, Bahausa, mai sayar da abinci a tasha. Nata dangin sun ce ina ita ina Buzu ɗan kabu-kabu, wanda kamfani ya sallama ba ko kujerar zama. Kawu Ghissa kuwa, shi ya riƙe Ismaghil tun yana maraya, kuma irin dattijon nan ne da in ya ce a'a, sai dai ka je ka yi kukanka a bayan raƙumi. Yau ga shi ya ce to.

Ya kamata ta yi guɗa. Maimakon haka sai bakin Zayyadu ya faɗo mata a rai.

Zayyadu, mijinta na fari, direban babbar mota ne a kamfanin uraniyum. Shekara uku ke nan da rasuwarsa. Ya rame ya lalace, tari ba dare ba rana, kowa ya shigo duba shi sai ya girgiza kai ya ce, "Ƙurar kamfani ce, Allah ya isa." A Arlit haka ake cewa. Tari, ƙura ce. Rama, ƙura ce. Mace ta yi ɓari, ƙura ce. Kuma sau da yawa da gaskiyar mutane, don ƙurar ta ci maza ba kaɗan ba, shi ya sa ba wanda ke ƙara tambaya. Ita ma ba ta tambaya ba.

Amma ita ce take ba shi kunu da cokali a kwanakinsa na ƙarshe. Ta ga cikin bakinsa. Fari ne fat, irin wannan farin.

*

Da la'asar ta koma gida ta tarar da Halidu zaune kan tabarma, Inna Binta na ta zuba masa albarka saboda dabino da sukarin da ya kawo. Halidu ƙanen marigayi Zayyadu ne, yana da shagon kayan moto a kasuwa. Tun da Sa'a ta fita takaba yake neman aurenta, Inna kuma ba ta ganin kowa sai shi.

"Ga ta nan, uwar taurin kai," in ji Inna. "An ce wai Buzayenku za su zo ranar Juma'a. Su zo. Ruwa dai za mu ba su, don ba mu gaji wulaƙanci ba. Amma ni a zuciyata ga ɗana nan zaune."

"Inna, don Allah."

"Don Annabi! Na bar Damagaram na biyo ubanki garin da ko ciyawa ba ta fita, na binne shi a nan, na binne surukina a nan. Yanzu kuma kina so a ɗauke ki a kai ki daji kiwon awaki?" Ta juya ga Halidu. "Kai da kake cikin kasuwa, ka nemo mata magani mana. Harshenta ya yi fari wata da watanni, zuma da lemon tsami duk mun gwada. Ruwan garin nan ne, na sani, da ƙurar nan tasu."

Kofin da ke hannun Halidu ya tsaya a hanya, bai kai baki ba.

Ɗan lokaci ne ƙanƙani, Inna ba ta ma lura ba. Sa'a ta lura. Ta ga yadda ya ajiye kofin a hankali, ya ƙi kallonta, ya ce shago na jiransa.

Ta bi shi zaure.

"Halidu, tsaya."

"Sauri nake, Sa'a."

"Kai ka kai Zayyadu asibitin Agadez. Ni an ce in zauna gida. Me likita ya ce?"

"Ai kin sani. Ƙura ce."

"Kalle ni ka faɗa."

Bai kalle ta ba. Ya jingina da bango, ya cire hula ya riƙe a hannu, sai ga hawaye a fuskar ƙaton namiji.

"Ya sa na dafa Alƙur'ani," ya ce da ƙyar. "A hanyar dawowa, cikin mota. Ya ce in na faɗa bai yafe ba."

"Faɗa mini."

"Sida ce, ƙanjamau, Sa'a."

Ta nemi abin dafawa ta rasa, ta zauna daɓas a ƙasan zauren.

"Ki fahimce shi," Halidu ya ci gaba. "A garin nan wanda ƙura ta kashe, jana'izarsa cika take, kowa na tausayin iyalinsa. Wanda waccan ta kashe kuwa, har jikokinsa sai an nuna da baki. Ya ce tunda kowa ya riga ya ce ƙura ce, a bar ta ƙura."

"Ni fa? Ni ba mutum ba ce?"

"Kullum ina duban ki, ina ganin ki garau, sai in ce Allah ya tsare ki. Kina tsammanin don me na nace sai na aure ki? Don in abin ya fito, ya fito a cikin gida, mu rufa wa juna asiri. Don me nake hana ki Buzun nan? Ba ƙiyayya ba ce wallahi, tsoron alhakinsa nake."

"Tsoron alhakinsa kake." Ta yi wata dariya mai ciwo, hawaye na bin kumatunta. "Shekara uku kana kawo mana dabino, Halidu. Kalma ɗaya ta fi ƙarfinka. Ka ji tausayin wanda ke kabari, ni da ke numfashi ka zuba mini ido."

"Ki yafe mini."

"Tashi ka tafi."

*

Washegari ba ta ɗora tukunya ba. Ba ta kuma hau kabu-kabu ba, don duk ɗan moton garin abokin Ismaghil ne, kafin ta sauka labari ya isa gare shi. Da ƙafa ta taka har ɗan asibitin da ke can bayan unguwa, rana na dukan ta, tulin ƙasar da kamfani ya tono na hango ta daga nesa.

Malamar asibitin, wata dattijuwa mai suna Madam Fadimata, ta rufe ƙofa ta ce ta buɗe baki. Ta duba da 'yar fitila.

"'Yata, kada ki yanke wa kanki hukunci. Farin harshe kaɗai ba ya nuna komai. Ciwon suga na kawo shi, yawan shan ƙwayoyi na kawo shi, har ƙishirwa. Jini ne kawai ke faɗin gaskiya. Kin yarda a duba?"

"Shi ya kawo ni."

Aka huda ɗan yatsanta, ɗigo ɗaya. Sa'a ta zauna tana kallon bango, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Ta roƙi Allah ya sa suga ne. Kai jama'a, wai yau mutum ke roƙon ciwon suga!

Madam Fadimata ta duba abin gwajin, ta ɗauko wani daban ta sake ɗiga jinin. Da ta gama sai ta jawo kujerarta kusa, ta kama hannun Sa'a.

Ba sai an faɗa ba.

Sa'a ba ta yi ihu ba. Ta kifa kai a cinyar matar da ba ta taɓa gani ba sai yau, ta yi kuka irin wanda ko ranar mutuwar Zayyadu ba ta yi ba. Matar ta bar ta ta yi mai isarta.

"Madam, mutanen da nake ciyarwa fa?" ta tambaya da ta ɗago. "Rabin tasha a hannuna suke ci."

"Ba a ɗauka a abinci, ba a ɗauka a kofi, ba a ɗauka a gaisuwa. Ki ci gaba da girkinki. Ki saurare ni da kyau. Yanzu ba da ba ne. Akwai magani, kyauta ne, kullum za ki sha. In kin riƙe shi da gaskiya, ƙwayar cutar za ta kwanta har ta kai ba za ki sa wa miji ba, kuma ki haifi ɗa lafiyayye da ikon Allah. Harshen nan ma ga maganinsa, kwana kaɗan zai washe. Da mijinki ya zo da wuri ya kuma kawo ki, da wataƙila yau yana kan motarsa."

Wannan maganar ta fi sakamakon yi mata ciwo.

"Akwai wanda zai aure ni," ta ce. "Juma'a za su zo."

"Ba wanda zai ji daga bakina. Faɗa masa kuwa, ke za ki zaɓi lokaci. In kina so ki kawo shi nan, ni zan yi masa bayani."

A hanyar komawa shaiɗan ya raka ta har gida. Ya ce mata, wa ya sani? Halidu ba zai faɗa ba. Madam ba za ta faɗa ba. In an ga tana shan magani, ai ƙura ce. Kalmar na nan a shirye, garin ya riga ya tanadar mata ita, kowa zai karɓa har ya taya ta Allah ya isa.

Sai ta tuna haka Zayyadu ya yi lissafinsa a cikin mota, a hanyar Agadez.

*

Da yamma ta kira Ismaghil a salula ta ce ya same ta a rumfa. Ya zo da fara'arsa, yana cewa yau tasha ta wuni da yunwa, direbobi har sun fara kewar gishirin.

"Zauna," ta ce.

Ta sauke mayafin daga bakinta. Ta gaya masa komai, tun daga cokalin kunun Zayyadu har zuwa ɗigon jinin. Ba ta rage ba, ba ta yi wa maganar kwalliya ba. Ta faɗa masa abin da Madam ta ce game da magani, da miji, da haihuwa.

Tana magana fara'ar na zubewa daga fuskarsa. Da ta kai ƙarshe, ya kai hannu ya ja rawaninsa sama, ya rufe baki, ya rufe hanci, sai idanu kawai. Tun da suka san juna bai taɓa rufe mata fuska ba.

"Ka ce wani abu, Ismaghil."

Ya kau da kai.

"Ko zagi ne ka yi, zan ɗauka. Wallahi ban sani ba. Da na sani da ban bari ka ɓata shekara biyu kana faɗa da danginka a kaina ba."

"Na san ba ki sani ba," ya ce daga bayan rawanin, muryar kamar ba tasa ba.

"Ban riƙe ka ba. In ka tafi ban ga laifinka ba. Abu ɗaya ne ba zan iya ba, in yi maka abin da aka yi mini."

Ya miƙe. Ya tsaya, hannunsa a kan makullin moto.

"Ki ba ni lokaci, Sa'a. Kaina ya ɗaure."

Ya tayar da moton ya tafi. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana bayan motocin Agadez, sa'an nan ta zauna tsakanin tukwanen da ba wuta a ƙarƙashinsu.

Laraba bai kira ba. Alhamis bai kira ba. Ita ma ba ta kira shi ba, sai dai duk moton da ya wuce ƙofar gida sai gabanta ya faɗi.

*

Ranar Juma'a Inna ta tashi da mita, amma ta share tsakar gida ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta ce ko ba ta son baƙi, ba za a je Dannet a ce 'yan Damagaram ba su iya karɓar mutane ba. Ta sa aka yanka zabi. Ba ta san komai ba, Sa'a ba ta samu bakin gaya mata ba tukuna.

Sa'a ta yi girkin kamar mai aiki cikin barci. Da miya ta nuna ta ɗiba a tafin hannu ta lasa, don sabo kawai.

Ta ji gishiri. Ta ji daddawa, ta ji yaji, ta ji komai. Maganin Madam ya fara aiki, harshen ya fara washewa. Ta tsaya da ludayi a hannu, hawaye na ɗiga a murfin tukunya. Ga baki ya dawo, waɗanda aka yi girkin dominsu kuwa ba ta san ko za su zo ba.

Aka sauko daga masallaci. Maƙwabta suka wuce. Inuwar katanga ta tsallake tabarmar ta hau bango.

"To, ina surukan naki?" in ji Inna. "Ko raƙumin ne ya yi faci?"

Sa'a ta koma bakin murhu.

La'asar ta yi sakaliya sannan ta ji ƙarar moton. Ko cikin moto ɗari za ta gane shi. Ya tsaya a ƙofar gida. Ta kasa kunne tana jiran muryar dattijo, da takun mutane da yawa.

Takun mutum ɗaya ne.

Ismaghil ya yi sallama ya shigo, rawani har ƙarƙashin ido. Ya durƙusa ya gaida Inna. Inna ta leƙa bayansa, ta ga ba kowa, ta tafa hannu.

"Kai kaɗai? Ina kawun naka?"

"Ya koma, Inna."

"Ya koma! Mun yanka zabi, mun share gida, ya koma! Sa'a, kin gani ko? Kin ga abin da nake gaya miki?" Ta shige ɗaki tana sababi, ta saki labule.

Suka rage su biyu a tsakar gida. Ya zauna a gefen tabarmar da aka shimfiɗa wa mutum goma.

"Ka gaya masa," in ji Sa'a.

"Ban gaya masa ba. Sirrinki ne, ba nawa ba." Ya sunkuyar da kai. "Tsoro na ji, Sa'a. Ba zan yi miki ƙarya ba, tsoro na ji irin wanda ban taɓa ji ba ko a cikin ramin kamfani. Kawu ya iso jiya da safe, da sabon rawani, da 'yan'uwansa biyu. Na ce masa ya dakata, a ɗaga maganar zuwa wani lokaci. Ya tambaye ni dalili, na kasa ba shi."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce shekara biyu ina yi masa kuka, ya karya maganarsa a gaban dangi saboda ni, ya baro dabbobinsa ya zo, yanzu kuma in ce ya dakata kamar yaron gidana. Ya ce shi ba ya zuwa neman mace ɗaya sau biyu. Kafin azahar sun hau mota."

Sa'a ta rufe ido.

"Da suka tafi na kasa zama," ya ci gaba. "Na je wurin Madam ɗin nan taki. Ban ambaci sunanki ba, na ce abokina ne. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani har na rasa abin tambaya. Duk abin da kika faɗa mini, haka yake. Na fito daga wurinta tsoron ya sake ni." Ya girgiza kai. "Amma motar kawu ta riga ta yi nisa. Na kira, na kira, ya ƙi ɗauka. Da na je wurinta tun ranar Laraba, Sa'a. Kwana ɗaya kawai."

"Yanzu me ya kawo ka?"

"An ce yau za a zo neman aurenki. Na zo."

"Ba ka da waliyyi, Ismaghil. Ba ka da kowa a bayanka. Inna ma da ta ji gaskiya ban san abin da za ta yi ba."

"Na sani."

"Kuma abin nan ba ya fita. Har in mutu yana jikina."

"Na sani. Ki zubo mini abinci, tun jiya ban ci komai ba."

Ta tashi da ƙyar. Ta zuba shinkafa a babban farantin da aka tanadar wa baƙi, ta kwarara miya, ta ajiye a gabansa. Farantin ya yi masa yawa ƙwarai, shi kaɗai a bakinsa.

Ya kai hannu ya sauke rawanin har ƙasan haɓa. Fuskarsa duk ta jiƙe. Ya yi bismilla, ya kai loma ɗaya, ya tauna a hankali. Daga ɗaki muryar Inna na tashi, tana cewa ai dama ita Halidu ta zaɓa.

"Sa'a," ya ce, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. "Yau gishirin ya yi daidai."